Darasin Juma'a: Kayan da Ke Jibge a Ɗakunanmu



'Yan'uwa, ranar Asabar da ta wuce mun buɗe siton da ke bayan masallaci, saboda kwanon rufinsa yana yoyo, kafinta kuma ya ce ba zai hau ba sai an fitar da abin da ke ciki. Mun ɗauka aikin awa guda ne. Har ladan ya kira la'asar ba mu gama ba. An fito da tabarmin da gara ta mayar gari, da fasassun butoci, da lasifika biyu matattu, da fitilun ƙwai marasa ƙwai, da tsohuwar tayar babur cike da ruwa da 'ya'yan sauro, da wani buhun dawa da ɓeraye suka mayar gida. Can ƙurya kuma ga jakunkunan bakko da akwatunan ƙarfe na mutane, wasu da kwaɗo a jiki, babu suna babu alama. Wani dattijo a cikinmu ya tsura wa ɗaya daga cikin akwatunan ido, ya yi shiru, can ya ce ya san mai shi. Wani yaro ne mai gyaran takalmi daga wajen Damagaram, ya kawo ajiya a makon da aka gudu, bai sake dawowa ba.

Da na koma gida na leƙa ƙarƙashin gadona, sai na ga ashe ni ma ina da nawa siton. Shi ya sa na ce bari darasin wannan makon ya tsaya a nan.

Mu da ke sallah a wannan masallaci na Betso yawancinmu baƙi ne. Wani daga Kano, wani daga Katsina, wani daga Haɗeja, wani daga Maraɗi. Ci-rani ya kawo wasu, fatauci ya kawo wasu, wasu kuma shanu suka biyo zuwa kasuwar Mubi har zama ya kama su. Kusan kowannenmu da jaka ɗaya a kafaɗa ya sauka a tasha. Yau wanda ya zo da jaka ɗaya, in aka ce ya tashi, a-kori-kura ba za ta kwashe shi a sawu ɗaya ba. Alhamdu lillahi, buɗi ne daga Allah. Sai dai mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah: cikin wannan tarin, nawa hannuna ya taɓa daga damina zuwa damina?

Waɗanda suke nan a 2014 ba sa bukatar dogon bayani. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, har suka sauya mata suna, sai wajen tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato ta. Jama'a suka watse, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola, da yawa a ƙafa. Kowa ya tuna abin da ya ɗauka ran nan. Ni dai yaro ne a kafaɗa, da waya, da takardun makarantar yara, da gafaka, da jarkar ruwa. Asarar da aka yi ba ƙarama ba ce, mutane sun rasa shaguna da hatsi da babura da dabbobi, wasu sun rasa abin da ya fi duk wannan, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma zan gaya muku gaskiyar abin da na gani a raina. A cikin abin da na bari, keken ɗinki da buhunan masara su ne suka hana ni barci. Manyan rigunan da na ninke a ƙasan akwati ina cewa "sai wata rana", wallahi sai da aka yi kusan wata biyu kafin ma in tuna da su. Akwai wata shadda da ƙanena ya taɓa roƙo zai sa da Sallah, na ce masa a'a. Da muka dawo babu ita babu akwatin. Ashe shekara uku ina yi wa wani ajiya ban sani ba.

Kada wani ya fahimci cewa addini ya hana tanadi. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon gonakin Banu Nadir. Saboda haka mai rumbu cike da dawa, da mai ajiye irin gyaɗa da na wake don shuka, da makanikin da ya adana ƙarafan da yake aiki da su, duk suna kan hanya. Tanadi shi ne abin da ka san ranar da za ka buƙace shi. Wanda muke magana a kai shi ne wanda in an tambaye ka yaushe za ka yi amfani da shi, sai ka sosa ƙeya.

A kan irin wannan ne Muslim ya ruwaito hadisin Jabir game da shimfiɗa. Ma'anarsa ita ce shimfiɗar maigida da ta matarsa da ta baƙo duk suna da dalili, wadda ta ƙaru bayan nan kuwa an jingina ta ga Shaiɗan. Malamai sun yi bayani cewa ba ƙidaya ake nufi ba, don mai 'ya'ya goma dole ya yi shimfiɗa fiye da uku. Abin da ake zargi shi ne wanda ya wuce bukata aka ajiye shi don a gani a yaba. Ku lura fa, baƙo yana cikin lissafi. Mu da muke saukar 'yan garinmu kusan kowane mako, katifar baƙo ba ta cikin abin da za a fitar.

Akwai kuma hadisin Uƙba ɗan Haris a Buhari. Ya ce ya yi la'asar bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina, da aka yi sallama sai ya ga ya miƙe da sauri yana ƙetare mutane ya shiga ɗakin ɗaya daga cikin matansa, har sahabbai suka firgita. Da ya fito sai ya bayyana musu cewa wani ɗan zinariya ne ya tuna yana gidan, bai so ya tsare shi ba, ya ba da umarni a raba. Abin da ya riƙe ni a wannan hadisin shi ne cewa abin da ke ajiye a ɗaka yana iya biyo mutum har cikin sallah. Wanda ya taɓa tsayawa a sahu yana tunanin ko ya kulle sito ya san wannan.

To, kafin kowa ya koma gida ya fara watso kaya tsakar gida, akwai tambayar da ta riga komai: kayan nan na wane ne? A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ake shiga haƙƙin mutane da sunan gyara.

Na farko kayan ɗakin mace. Kwalla da samira da tasoshi da kumbunan da iyayenmu mata ke jerawa, da zannuwan lefe da ke cikin akwati, nata ne, ba na maigida ba. Na san halinmu maza: da an yi wa'azi irin wannan, idon mutum ba zai faɗa kan matattun rediyoyinsa uku da tsohon injin ban-ruwan da ya shekara biyar a zaure ba, sai kan jeren matarsa. Ka bari, Malam. Wannan jeren da kake gani kamar tarkace, a wurinta asusu ne. Shi take sayarwa in ciwo ya zo ba ka gari, daga cikinsa take haɗa wa 'yarta kayan aure. Wasu matan da turmin atamfa biyu da suka ɗaure a zani suka ciyar da yara a hanyar Yola. Nasiha kana iya yi mata, hannu kuwa ba ka da ikon sawa sai da yardarta. Su ma iyayenmu mata ga tasu tambayar: kwanon da ya shekara goma bai ga tuwo ba, alhali ga marainiya a maƙwabta za a kai ta ɗaki babu ko tukunya biyu, wace rana ake jira da shi? Wannan tsakaninku da zuciyarku ne.

Na biyu kayan mamaci da ba a raba ba. Wannan ya yi yawa a tsakanin baƙi, saboda mutum yakan rasu a nan magadansa suna can gida. Sai abokin zamansa ya ce ai tsofaffin kaya ne, ya raba wa almajirai sadaka ga mamacin. Niyya kyakkyawa, aiki ba daidai ba. Daga lokacin da rai ya fita, hatta hularsa da takalminsa da buzun sallarsa sun zama na magada, bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya. In akwai maraya ƙarami a ciki, babu mai ikon yin sadaka da rabonsa, ko da mahaifiyarsa ce. A rubuta abin da ya bari gaban shaidu, a kira gida a waya, manyan magada su faɗi abin da suke so a yi da nasu kason. Yanzu da waya take hannun kowa, uzurin nisa ya ƙare.

Na uku ajiya, wato irin akwatin yaron nan mai gyaran takalmi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyoyinsu, ya kuwa yi kwana uku yana wannan aiki kafin ya bi bayansa. Ku duba fa, a daren da ake neman ransa, kayan mutanen garin ne a ransa. Hukuncin ajiya a fiƙihu shi ne in ta lalace ba da sakacin mai riƙo ba, babu biya a kansa, in kuwa da sakaci, zai biya. Ni da sauran 'yan kwamiti mun san rufin nan yana yoyo tun bara. Ina tsoron abin da wannan yake nufi a kanmu, kuma na faɗa wa Liman haka. Ajiya ba tsintuwa ba ce da za a yi cigiya shekara ɗaya a wuce wurin. Mai ita sananne ne, ko dai yana raye a wani wuri, ko yana da magada. Wanda kuma ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, hukuncin dukiyarsa yana hannun alƙali, ba hannun kwamitin masallaci ba. Kuma ina roƙonku, duk mai riƙe da jakar wani a ɗakinsa tun shekarun baya, ya fara neman mai ita a wannan makon. In ka mutu da ita a ƙarƙashin gadonka, 'ya'yanka ba su san ta wani ba ce, za su raba ta a gado su ci haram ba su sani ba.

In mutum ya ware na matarsa da na mamaci da na ajiya, abin da ya rage nasa ne, sai maganar yadda za a fitar.

Akwai masu gyaran ɗaki da sunan sadaka: rigar da ta yage a hammata, takalmi wari da wari, bargon da ɓera ya huda, a tattara a miƙa wa almajiri a jira lada. Tirmizi ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azib dalilin saukar aya ta 267 a Suratul Baƙara. Mutanen Madina sukan kawo zangarniyar dabino su rataye a masallaci don matalautan da ke kwana a wurin su ci, sai wasu suka riƙa kawo busasshe marar kyau. Ayar ta hana a nufi mummuna a bayar, irin wanda in kai aka ba ba za ka karɓa ba sai ka kau da ido. Ma'aunin ke nan, kuma mai sauƙi ne. In za ka ji kunya a ba ka shi, shara ce, a kai ta bola. In yana da sauran amfani, a wanke, a ɗinke, a goge, sannan a bayar. Abu Ɗalha kuwa, da aya ta 92 a Ali Imrana ta sauka, gonarsa ta Bairuha'u ya kawo, wadda ta fi kowace soyuwa a gare shi, tana fuskantar masallaci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba, ya kuma ba shi shawara ya sanya ta ga danginsa. Mu ma mu fara da su. Kafin ka nemi baƙon fuska, tuna ƙanenka da ke gida, da ɗan garinku da ya sauka jiya da riga ɗaya.

Sai wata mas'ala da nake ganin da yawanmu ba su sani ba, kuma tana haddasa rigima bayan mutuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, kyauta da sadaka ba sa cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. In mai bayarwa ya rasu abin yana hannunsa, ya koma gado. Imamu Malik ya kawo misalin a Muwaɗɗa. Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha dabino wasaƙi 20 daga gonarsa da ke Gaba, wato ninki huɗu na nisabin zakkar hatsi, tunda nisabin wasaƙi 5 ne. Ba ta yanka ta kwashe ba har ciwon ajali ya kama shi. Sai ya gaya mata cewa da ta riga ta karɓa da ya zama nata, yanzu kam ya zama dukiyar magada, ita da 'yan'uwanta. Wannan Abubakar ke nan da 'yar da yake ƙauna. To ina ga mu da muke cewa "keken nan na wane ne, in na mutu a ba shi"? In wanen nan magaji ne, babu wasiyya ga magaji sai sauran sun yarda. In ba magaji ba ne, wasiyya ba ta wuce sulusi. Kana son yaron shagonka da ya yi maka hidima shekara goma ya samu keken ɗinki? Ɗauko shi yau kana da lafiya, kira mutum biyu, ka miƙa masa ya tura shi gida. In kuma 'ya'yanka kake ba, ka daidaita. Mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da kyauta ban da 'yan'uwansa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kai.

Abin da ya mutu murus kuma ba ya bukatar fatawa. Ƙarafa da dalma da robobi, 'yan jari-bola suna saye, ka ga ka sami na cefane. Galan ɗin maganin feshi kada a ba kowa, kada kuma a ɗauraye a zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Ragowar ƙwayoyin asibiti da suka wuce wa'adi a raba su da gida, yara suna ɗauka alawa ce. Taya da fasassun tukwane a kife su kafin ruwa ya sauka. Maganar ɓera kuwa ba wasa ba ce a wannan yankin. Zazzaɓin Lassa da kuke ji a rediyo duk rani, sunan garin Lassa ya ɗauka, nan kusa da mu a ƙaramar hukumar Askira Uba ta jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969, kuma ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Ɗakin da aka cushe da buhuna da kwalaye har ba a iya share ƙuryarsa, ɓera ya sami gidan haya kyauta.

Banda guda ɗaya: takardun da ke da ayoyi ko sunan Allah. Yagaggun shafukan Alƙur'ani, tsofaffin littattafan Islamiyyar yara, kalandar da ke da aya, allon da ya tsage. Waɗannan ba sa shiga bola, ba a kuma ba mai ƙosai ta naɗe. A tara su daban, a ƙone a wuri mai tsarki a binne tokar, ko a binne su inda ba a takawa. Sayyidina Usmanu da ya haɗa mutane a kan mus'hafi ɗaya, ƙone sauran ya sa aka yi. Mun ajiye kwali a ƙofar masallaci don wannan, wanda ba shi da wurin yi a gidan haya ya kawo.

Na san akwai abin da hannu ba ya iya saki ko da an kawo hujja ɗari. Ni ma ina da carbin mahaifina da wata tsohuwar hularsa ƙube, sun faɗo a rabona, ba na sa hular, ba kuma zan bayar ba. Ban ga laifi a irin wannan ba. Baƙo yana bukatar abin da zai riƙa tuna masa gida. Amma hula ɗaya ta isa tunawa. Manyan rigunansa huɗu da na riƙe tare da ita, jiya na aika biyu gida, biyun kuma na ba wasu dattawa da kuke ganinsu a sahun gaba, kuma wallahi da na ga ɗayansu sanye da ita yau da asuba, na fi tuna mahaifina fiye da duk shekarun da take ninke tana warin akwati.

Game da kayan sito, ga abin da Liman da kwamiti suka tsayar. Tabarmi da butoci da lasifikun masallaci ne, an riga an san yadda za a yi da su. Jakunkuna da akwatunan mutane an mayar da su ɗakin na'ibi inda ruwa ba ya shiga, ba a fasa kwaɗon ko ɗaya ba, an kuma rubuta kamannin kowanne a littafi. Duk wanda ya san ya taɓa kawo ajiya, ko ya san wanda ya kawo, ya sami na'ibi bayan la'asar daga yau har Juma'a mai zuwa, ya faɗi alamar kayansa kafin a nuna masa. 'Yan'uwanmu na wajen Damagaram da Matamaye da Magarya, muna roƙonku musamman ku tsaya bayan sallah. Dattijon da ya gane akwatin ya tuna sunan yaron da sunan ƙauyensu, muna neman wanda zai tafi gida kafin damina ya tambaya mana danginsa.